Kun Tambaya, Mun Amsa: Giyar Chardonnay ta Ƙasashen Sanyi

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan abu guda suke, wato farar giyar inabin nan da ake kira Chardonnay, musamman wadda ake noman inabinta a wurare masu sanyi. Mun zaɓi shida, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne mai koyon aikin otal. An ajiye mana kwalba biyu a aji, kowacce an ce Chardonnay ce. Ta farko daga Chablis a Faransa, fara mai ɗan kore-kore, ga tsami. Ta biyu daga wani kwari mai zafi a Kalifoniya, rawaya, mai kauri, tana ƙamshin abarba da man shanu. Anya inabi iri ɗaya ne kuwa?

AMSA: Iri ɗaya ne, ɗalibi, ba a yaudare ku ba. Sai dai ka haɗa abu biyu da ba gidansu ɗaya ba. Ƙamshin abarba aikin rana ne. Na man shanu kuwa aikin hannun mai haɗa giyar ne, kuma za mu zo kansa a ƙasa.

Inabin Chardonnay ba shi da wani ƙamshi mai ƙarfi na kansa irin na Muscat ko Sauvignon Blanc. Farin ƙyalle ne, duk rinin da aka tsoma shi a ciki shi zai ɗauka. Shi ya sa yanayin gonar da ya fito ke bayyana a cikinsa ƙarara.

Ga abin da ke faruwa a cikin ƙwayar. Yayin da take nuna, sukari na hawa, tsami na sauka. Manyan sinadaran tsamin biyu ne. Akwai tatarik, wanda ba ya cika gusawa. Akwai kuma malik, irin tsamin da ke cikin ɗanyar tuffa, wanda ƙwayar ke ƙonawa don samun kuzari, kuma gwargwadon zafi gwargwadon saurin ƙonawar. Inda rana ke ƙuna, dare ma bai huce ba, malik kan zube cikin 'yan makonni. Inda dare ke da sanyi kuwa sai ya daɗe, inabin ya nuna a tsanake, ƙamshi ya haɗu tun sukari bai yi yawa ba. Masu koyar da wannan fanni kan kira wuri mai sanyi idan matsakaicin zafinsa a lokacin noma, daga Afrilu zuwa Oktoba a arewacin duniya, bai wuce digiri 16.5 a ma'aunin Selsiyus ba.

Lissafin sukarin mai sauƙi ne. Kimanin giram 17 na sukari a lita guda na ruwan inabi ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Inabin da aka tsinka da giram 210 zai ba da giya mai wajen kashi 12 da ɗoriya, wanda aka bari ya kai giram 245 kuwa zai haura kashi 14. Barasa ce ke sa giya ta yi nauyi da ɗumi a maƙogwaro, don haka kaurin da ka ji a kwalba ta biyu daga nan wani ɓangarensa ya fito. Ƙamshi ma hawa-hawa yake: a sanyi koriyar tuffa da lemon tsami da farin fure, a tsaka-tsaki nunanniyar tuffa da ɓawon lemo, a zafi abarba da mangwaro, wani lokaci har ayaba.

In kana son auna tsami ba tare da na'ura ba, kurɓi kaɗan, ka juya a baki, ka tofar, sannan ka sunkuyar da kai ka bar bakinka a ɗan buɗe. Idan yawu ya tsinke daga gefen harshe ya ci gaba da zuwa, tsamin yana da yawa. Amma kada ka ɗauka duk mai tsami ce mai kyau. Inabin da bai nuna ba ma tsami gare shi, giyarsa tsararo ce, tana yankar baki ta wuce ba ta bar komai ba. Mai kyau ita ce wadda tsamin ke riƙe da ɗanɗano cikakke, bayan ta bar baki kuma ɗanɗanon ya zauna daƙiƙa ashirin, talatin ko fiye. Wannan daɗewar ita muka fi dubawa, fiye da sunan da ke jikin kwalba.

TAMBAYA: Shin sai ƙasar da ke can kusa da ƙanƙara ake samun irin wannan? Na ga an rubuta "yanayin sanyi" a kan giyar Chile da ta Ostiraliya, ni kuwa na san ƙasashe ne masu rana.

AMSA: Malama, sanyi ta ƙofa uku yake shiga gona. Ta farko nisa daga tsakiyar duniya: Chablis a arewacin yankin Burgundi da yankin Shamfen, duk a Faransa, kudancin Ingila, tsibirin Tasmaniya na Ostiraliya, kwarin Willamette a jihar Oregon ta Amurka. Ta biyu teku. Igiyar ruwan sanyi ta Humboldt ce ke huce kwarin Casablanca da Limarí a Chile, hazon tekun Pasifik kuma kan lulluɓe gonakin gaɓar Sonoma da Carneros a Kalifoniya har hantsi, kamar yadda iskar teku ke yi wa Hemel-en-Aarde a Afirka ta Kudu. Ta uku tudu, domin zafi kan ragu da kimanin digiri 0.6 a kowace mita 100 da aka hau. Tsaunukan Adelaide a Ostiraliya da Gualtallary a Ajantina, wadda akasarin gonakinta ke sama da mita 1,200, da wannan suke cin abinci.

Ba su zama ɗaya a baki ba. Inda teku ko tudu ke kawo sanyin, hasken rana na nan da ƙarfinsa, saboda haka giyar kan haɗa tsami mai kaifi da 'ya'yan itace da suka nuna sosai. Ta Chablis ta fi tsumulmular ƙamshin 'ya'yan itace, ta fi tsauri tana sabuwa.

TAMBAYA: An ce mini ƙamshin man shanu da banila alama ce ta Chardonnay mai tsada. Wani kuma ya ce alama ce ta ɓoye aibu. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Kowa ya taɓo gefe. Bari mu bi aikin daki-daki, domin abubuwa uku ne daban ake cakuɗawa a wannan gardama.

Bayan an matse inabi, akan bar ruwan ya kwanta kamar dare guda, a tsiyaye na sama, sai yis ya cinye sukari ya mai da shi barasa. Wannan ce tsimawa ta farko. Ana yin ta ko dai a tankin ƙarfe mara tsatsa, a riƙe zafi tsakanin digiri 12 da 18 don kada ƙamshin 'ya'yan itace ya gudu, ko kuma a cikin gangar itacen oak.

Na farko cikin abubuwa ukun shi ne tsimawa ta biyu, wadda ba yis ke yin ta ba, wata bakteriya ce mai suna Oenococcus oeni. Ita ke mai da malik mai kaifi ya koma laktik, wato tsamin da ke cikin madarar da ta yi barci, mai laushi a baki. A cikin wannan aiki ne take fitar da wani sinadari, dayasetil, kuma shi ne ƙamshin man shanun. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, su ɗauka duk giyar da ta bi ta wannan mataki dole ta yi ƙamshin man shanu. Akasarin giyar Chablis na bi ta nan, don in ba haka ba tsaminta zai yi yawa, amma da wuya ka ji man shanu a cikinta. Dalili shi ne idan aka bar giyar a kan yis ɗinta bayan an gama, yis da bakteriyar kan sake cinye dayasetil ɗin. Mai son ƙamshin ya fito sai ya yi saurin tsiyaye giyar daga kan yis ya zuba sinadarin salfa ya tsai da aikin. Ka ga ashe zaɓi ne, ba dole ba.

Na biyu ganga. Ta Burgundi lita 228 take ci, tsohuwar gangar Chablis kuwa lita 132. Ana gasa cikin gangar da wuta lokacin ƙera ta, daga nan ne ƙamshin banila da kanumfari da gasasshen burodi da hayaƙi ke fitowa. Sabuwar ganga ce ke ba da shi da ƙarfi. Bayan an yi amfani da ita sau uku ko huɗu, kusan ba ta ƙara komai sai 'yar iskar da ke ratsa katako a hankali tana tausasa giyar. Masu yin giya mai kyau a ƙasashen sanyi sukan sa kaɗan ne kawai a sabbin ganguna, sau da yawa ƙasa da kashi ɗaya bisa uku, sauran a tsofaffi. Akwai kuma wata dabara: giyar da aka tsima tun farko a cikin ganga ba ta ɗaukar ƙamshin katako kamar wadda aka tsima a tanki sannan aka juye a ganga, domin yis mai rai kan sauya wani ɓangare na sinadarin banilar ya koma mara ƙamshi sosai. Masu neman araha kuwa ɓarɓashin katakon suke jefawa a tanki. Ƙamshin kan zo, amma yana zaune a sama, bai shiga jikin giyar ba.

Na uku matattun ƙwayoyin yis da ke kwantawa a gindin ganga kamar laka mai ruwan madara. Mai aikin kan cire toshiyar da ke saman gangar, ya zura doguwar sandar ƙarfe mai lanƙwasa a baki, ya juya har lakar ta tashi giyar ta yi gurɓi, ya mayar da toshiya ya wuce ta gaba. Wasu kan yi haka sau ɗaya a mako a watannin farko. Yana ƙara wa giya santsi da ƙamshin ƙullin burodi. In aka yawaita, sai ta yi nauyi, ga iska na shiga duk buɗewa, shi ya sa da yawa suka rage shi a yanzu.

To, a shekarun 1980 da 1990 an yi yayin giya mai katako da man shanu fiye da kima, musamman a Kalifoniya da Ostiraliya, har mutane suka gundura. A ganinmu ma'auni ɗaya ne. Idan ka shinshina ka fara jin katako kafin inabi, kuma bayan ta bar baki abin da ya rage ɗacin itace ne, an yi wa giyar kaya fiye da ƙarfinta. Manyan giyar Meursault da Puligny-Montrachet, ƙauyuka biyu a Burgundi, ma suna kwana a ganga wata goma sha biyu ko fiye, amma tsami da cikar inabinsu na shanye katakon.

TAMBAYA: Da gaske ne ana jin ɗanɗanon dutse da na teku a giyar Chablis saboda ƙasar wurin?

AMSA: Jin, ana ji. Masu ɗanɗano kan ambaci jiƙaƙƙen dutse, alli, ɗan gishiri-gishiri, da ƙamshin ƙyastu. Ƙasar ma gaskiya ce: cakuɗar yumɓu da farar ƙasa ce da ta kwanta a ƙarƙashin wani teku mara zurfi kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, kuma in ka tsinci ɓaraguzan dutse a gonar za ka ga ɓawon ƙananan halittun teku a manne a ciki. Amma saiwa ba ta tsotso ɗanɗanon dutse ta kai wa inabi. Ma'adinan da take ɗauka kaɗan ne ƙwarai, kuma ba su da ƙamshi. Abin da ƙasar ke yi shi ne sarrafa ruwa: ta tsiyaye shi da sauri lokacin damuna, ta riƙe ɗan danshi lokacin fari, ta hana kurangar yin ganye barkatai. Ɗanɗanon "dutsen" kuwa yawanci haɗuwar tsami mai yawa ne da ƙarancin ƙamshin 'ya'yan itace da wasu sinadarai masu salfa da yis ke samarwa idan an hana giyar iska. Su ne ke ba da ƙamshin nan na ashanar da aka ƙyasta yanzu.

Wurin da gona take dai yana da tasiri, kuma dokar Faransa ta kasa Chablis huɗu a kan haka, daga mafi ƙanƙantar daraja zuwa mafi girma: Petit Chablis, wadda akasari daga saman tuddai take inda iska ta fi kaɗawa, sai Chablis, sai Premier Cru, sai Grand Cru. Gonakin Grand Cru bakwai ne, Les Clos da Vaudésir da Valmur da Blanchot da Bougros da Preuses da Grenouilles, duk a gangare guda da ke kallon kudu maso yamma a hayin kogin Serein. A wuri mai sanyi haka, gangaren da ya fi shan rana shi ne sarki.

TAMBAYA: Ina karatun aikin gona. Mene ne ya fi ba manoman wannan inabi wahala a ƙasar sanyi?

AMSA: Sanyin bazara, ɗan'uwa. Chardonnay ɗan asalin gabashin Faransa ne, binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 1999 ya nuna daga haɗin inabi iri biyu, Pinot da Gouais Blanc, ya fito, kuma yana da halin yin toho da wuri. Da ɗumi ya ɗan leƙo a ƙarshen Maris sai ya buɗe ido. Idan dare ya zo sararin sama garau ba iska, zafin ƙasa ya tsere sama, sanyi ya sauka zuwa digiri 2 ƙasa da sifiri ko fiye, ɗanyen tohon kan daskare. Da rana ta fito sai ya yanƙwane ya yi baƙi. Kurangar za ta sake wani tohon, amma 'ya'yansa ba su kai na farko ba. A Afrilun 2021 haka ta faru a kusan duk Faransa, bayan wani ɗumi da ya ruɗi kurangu, kuma Burgundi na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

A irin wannan dare ba a barci a Chablis. Tun tsakar dare ake sa ido kan ma'aunin zafi. Da ya kusa sifiri sai a bi layi-layi ana kunna gwangwanayen kakin wuta, ɗaruruwa a hekta guda, har gangaren ya koma jeren fitilu. Ɗan ɗumin da suke bayarwa digiri biyu ne ko uku, amma sau da yawa shi ne tsakanin girbi da asara. Wasu kuma ruwa suke fesawa. Abin kamar wauta, amma ruwa na sakin ɗumi yayin da yake daskarewa, don haka tohon da ƙanƙara ta lulluɓe yana zama a wajen sifiri muddin feshin bai tsaya ba. Hatsarin kenan. Idan famfo ya mutu kafin gari ya ɗumama, ɓarnar ta fi ta wanda bai fesa komai ba. Akwai masu kafa manyan fankoki su jawo iska mai ɗumi da ke sama zuwa ƙasa. Mafi araha shi ne jinkirta aski, wato yanke rassan, zuwa ƙarshen hunturu don toho ya makara, da kuma guje wa shuka a gindin kwari, tunda iska mai sanyi gangarawa take ta taru a can.

Bayan wannan sai ruwa ko sanyi lokacin fure, wanda ke sa furen ya kaɗe ko nonon inabin ya fito da manya da ƙananan ƙwayoyi a haɗe. Sai farar fumfuna, wadda wannan iri ba ya jurewa, ana yaƙarta da feshin salfa da rage ganye don iska ta ratsa. Nonon a cunkushe yake, ruwan kaka na iya sa shi ruɓewa daga ciki. Ranar tsinka ma caca ce, domin a ƙarshen nuna tsaminsa kan faɗi da sauri, jinkirin mako guda na iya sauya giyar gaba ɗaya. A shekarar da rana ta yi rowa, doka a Burgundi da Shamfen ta yarda a ƙara sukari daidai wani ƙayyadadden adadi kafin tsimawa. Ba don zaƙi ba, yis ne zai cinye shi ya ɗaga barasar.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciya ce a ɗakin cin abinci. Yaya ake ajiye ta, yaya ake zuba ta, kuma ta yaya zan gane kwalbar da ta lalace idan baƙo ya yi ƙorafi?

AMSA: Kuskuren da aka fi yi shi ne sanyaya ta fiye da kima. Firiji kan riƙe abu a wajen digiri 4, a nan kuwa ƙamshi a kulle yake, tsami kaɗai za a ji. Mara ganga irin Chablis ta yau da kullum tana son digiri 8 zuwa 10, wadda ta kwana a ganga 11 zuwa 13. Ki fito da ita minti ashirin kafin a zuba. In bokiti za ki sa, ki haɗa ƙanƙara da ruwa, ya fi ƙanƙara zalla saurin sanyayawa, kuma kada ki bar ta a ciki har a gama cin abinci. Kofin gilas mai ɗan faɗin ciki, a zuba kashi ɗaya bisa uku don a samu wurin juyawa. Kwalbar mililita 750 na ba da kofi shida na mililita 125. Ta fi tafiya da kifi da sauran abincin teku da kaza, mai ganga kuma da miya mai kirim. Yaji mai zafi da kayan zaƙi na kashe ta.

Ajiya: wuri mai duhu, digiri 12 zuwa 14 ba hawa da sauka, a kwance idan toshiyar ta ɓawon itace ce don kada ta bushe. Petit Chablis ba ta son jira fiye da shekara biyu ko uku. Premier Cru da Grand Cru na iya kai shekara goma ko fiye, launinsu ya koma ruwan zinariya, ƙamshin ya juya zuwa zuma da soyayyar gyaɗa. Wadda aka buɗe, a toshe a sa a firiji, kwana biyu zuwa uku.

Aibu kuwa, ki fara da ido. Giyar da ba ta wuce 'yan shekaru ba amma ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, tana warin tuffar da aka yanka aka bari, iska ta cinye ta. Wannan matsala ta addabi farar giyar Burgundi tun daga girbin tsakiyar shekarun 1990, inda kwalabe masu tsada suka riƙa tsufa tun lokacinsu bai yi ba, kuma tana cikin dalilan da suka sa wasu suka sauya irin toshiyar da suke amfani da ita. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya daɗe a rufe kuwa daga toshiya yake, wani sinadari ne da ake kira TCA, wanda hanci ke kamawa ko da ɗigonsa bai taka kara ya karya ba. Ba ya fita, juyawa ma ƙara fito da shi take. A canza wa baƙo kwalba ba gardama. Toshiyar da ta turo kai waje ko ta yi yoyo alama ce zafi ya dafa giyar a hanya ko a sito.

Abu biyu kuma ba aibu ba ne. Ɗan ƙamshin ashana da gangan wasu ke neman sa. Idan ya yi yawa, ki juye giyar a tulun gilas ta sha iska minti goma sha biyar zuwa ashirin, yakan lafa. Sai in ya koma warin ruɓaɓɓen ƙwai ko dafaffen kabeji ya ƙi tafiya, shi ne za ki mayar. Na biyu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli a gindin kwalba ko a jikin toshiya, da baƙi kan zaci fasasshen gilas ne. Gishirin tatarik ne da sanyin firiji ya daskarar, ba ya cutarwa kuma ba ya sauya ɗanɗano. Ki tsai da kwalbar su kwanta, ki zuba a hankali, ki bar ɗan na ƙarshe a ciki.